Yadda Ake Sayen Fili a Gwanjon Bashin Haraji a Amurka: Hanyar da Nake Bi a Fulorida

Da wuya wata ya wuce wani ɗan'uwa bai turo mini bidiyo ta WhatsApp ba, ka ga Bature yana ta kumfar baki wai a Amurka ana mallakar gida da dala dubu biyu, muddin ka biya wa mai gidan bashin harajinsa. Sai a tambaye ni: Malam, da gaske ne? Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an ɓoye mafi yawanta. Na daɗe ina shiga wannan gwanjo a jihar Fulorida, na sayi filaye na sayar, na ci riba, na kuma taɓa tafka asara. Zan shimfiɗa maka hanyar kamar yadda nake binta. Ka riƙe cewa kowace jiha da dokarta, abin da zan faɗa na Fulorida ne.

Abin da ya kamata ka fahimta tukuna

A Amurka kowane gida da kowane fili ana biya masa haraji duk shekara, gunduma ce ke karɓa, da shi ake tafiyar da makarantu da 'yan kwana-kwana da sauran ayyuka. A Fulorida takardar haraji tana fitowa a watan Nuwamba. Wanda bai biya ba har 1 ga Afrilu ya zama mai taurin bashi. Gunduma ba ta iya jira, sai ta yi gwanjon bashin, galibi kafin 1 ga Yuni. Wanda ya saya ya biya harajin a madadin mai kadarar, a ba shi takardar bashi. Wannan takarda ita ce masu bidiyo ke tallatawa.

To a nan mutane ke ruɗewa. Takardar bashi ba ta mallaka maka ko taku ɗaya na filin. Ba ka da ikon shiga, kuma doka ta hana ka tuntuɓar mai kadarar don neman kuɗinka sai an yi shekara 2. Abin da ka saya bashi ne mai kuɗin ruwa. Gwanjon ma a juye yake: ana farawa daga kashi 18 cikin 100 a shekara, masu tayi suna ta ragewa, wanda ya yarda da mafi ƙarancin ruwa shi ke ɗauka. Manyan kamfanonin kuɗi sukan sauko har rubu'in kashi ɗaya, domin doka ta ce in mai kadara ya zo fansa, mai takarda ba zai samu ƙasa da kashi 5 ba, sai fa wanda ya taya a sifiri. Mafi yawan masu gidaje suna zuwa su fanshi kayansu. Takardar tana mutuwa bayan shekara 7 in ba ka yi komai a kanta ba, kuɗinka ya bi ruwa.

In shekara 2 ta cika daga 1 ga Afrilun shekarar da aka fitar da takardar, ba a biya ba, mai takarda yana da damar nema a sayar da kadarar. Sai ya fara biyan duk sauran bashin harajin da ke kanta. Ko a nan ba a miƙa masa ita, magatakardan kotun gunduma ne zai sa ta a gwanjo na biyu, kowa ya zo ya taya. Wannan gwanjo na biyu shi ne inda ake sayen fili na haƙiƙa, a ba ka takardar mallaka.

Ni Musulmi ne, ba na cin kuɗin ruwa, shi ya sa ban tsaya a gwanjon farko ba. Wani zai ce to a taya a sifiri mana. Na duba wannan ma: da zarar ka shigar da buƙatar a sayar da kadarar, doka tana ɗora ruwan kashi ɗaya da rabi a kowane wata a kan kuɗin da ka kashe. Wanda ke son bin wannan hanya ya zauna da malaminsa ya zayyana masa komai. A gwanjo na biyu kuwa ciniki ne tsantsa, ka ba da kuɗi ka karɓi fili. Shi zan koya maka.

Kayan aiki

- Lambar harajin Amurka, wato SSN, ko ITIN ga wanda ba shi da SSN, ko EIN in da sunan kamfani za ka saya.
- Asusun banki a Amurka wanda za ka iya tura kuɗi daga ciki a yini ɗaya.
- Kuɗi a hannu. Babu bankin da zai ranta maka don wannan ciniki. Kuma ya zama kuɗin da in ya kwanta shekara guda ba zai taɓa cefanen gida ko kuɗin makarantar yara ba.
- Kwamfuta. Waya ba ta isa karatun takardun kotu da taswira.
- Littafi ko jadawalin Excel na rubuta duk filin da ka bincika.
- Mota da takalmi mai kauri, saboda taɓo da macizai.
- Lambar wayar lauyan da ya san harkar filaye. Ka neme shi tun kafin ka buƙace shi.

Mataki na 1: Zaɓi gunduma ɗaya

Fulorida tana da gundumomi 67, kowace da ranar gwanjonta da ƙa'idojinta. Ɗauki ɗaya wadda za ka iya zuwa ka dawo a yini. Sabon shiga ya guji manyan birane irin su Miyami da Olando, can masu hannu da shuni sun cika fagen. Ka nemi inda aka yanka fulotai da yawa tun da daɗewa ba a gine su ba. Lehigh Acres a gundumar Lee misali ne: tun shekarun 1950 aka yayyanka wurin aka sayar wa mutanen nesa, da yawansu sun mutu, magada ba su ma san da filin ba. Irin waɗannan su ne ke cika jerin gwanjo.

Mataki na 2: Yi rajista, amma kada ka taya

Shiga shafin magatakardan kotun gundumar, za ka ga inda ake gwanjon. Gundumomi da yawa suna amfani da manhajar RealAuction, wasu kuma har yanzu a harabar kotu ake yi ido da ido. Karanta ƙa'idojin daga farko har ƙarshe. Sannan ka zauna ka kalli gwanjo biyu ko uku hannunka a aljihu. Rubuta farashin da aka fara da wanda aka sallama. Wannan kallon zai nuna maka abin da babu kwas ɗin kuɗi da zai koya maka, kuma kyauta ne.

Mataki na 3: Tace jerin

Ana buga sanarwar kowace kadara a jarida sau ɗaya a mako har mako 4 kafin gwanjo, jerin kuma yana kan shafin. Da lambar fuloti za ka yi aiki, ba da adireshi ba, domin adireshi yakan yi kuskure. Sa lambar a shafin ofishin ƙiyasin kadarori na gundumar, zai nuna maka girman filin da siffarsa da ƙimar da gwamnati ta yi masa.

Tun a nan ka zubar da tarkace: siririn fili da ya rage bayan an fitar da titi, bakin magudanar ruwa, fulotin da babu hanyar shiga, tsohon gidan mai ko garejin kanikanci wanda ƙasarsa ta sha baƙin mai. In ka ga fili babba da farashi kamar kyauta kuma shekara da shekaru babu mai so, ruwa ba ya tsami banza.

Gidan da mutane ke ciki ni ba na taɓawa, kuma ina ba ka shawara kai ma ka bari. Ta fuskar kuɗi, in mai gidan a ciki yake zaune kuma ya yi masa rajista a matsayin mazauninsa, doka ta ce a ƙara rabin ƙimarsa a kan farashin buɗe gwanjo, arahar ta tafi ke nan. Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Na taɓa zuwa duba wani gida da ke cikin jerin, na tarar da keken guragu a baranda da kwalaben magani jere a taga. Ban fito daga mota ba. Waɗanda gidansu ke kaiwa wannan matsayi sau da yawa tsofaffi ne, ko marasa lafiya, ko marayun da takardun gado suka rikice musu. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Geraldine Tyler, tsohuwa 'yar shekara 94 a jihar Minesota, wadda aka sayar da gidanta dala 40,000 kan bashin kusan dala 15,000 aka riƙe ragowar. Kotu ta ce ragowar haƙƙinta ne. A Fulorida ma rarar kuɗin gwanjo tana komawa ga masu bin bashi da tsohon mai kadara. Duk da haka, fitar da mutum daga ɗakin kwanansa ba sana'ar da nake son in ci abinci da ita ba ce. Fili fetal da babu kowa a kai ya ishe ni.

Mataki na 4: Binciken takardu

Nan ne aikin yake, nan ake cin riba ko a yi asara tun kafin ranar gwanjo. Kowace kadara tana da fayil a shafin magatakarda. A ciki akwai rahoton da ke nuna mai ita da duk masu bin ta bashi, da shaidar wasiƙun da aka aika musu. Karanta shafi-shafi.

Ƙa'idar ita ce sayarwar haraji tana share yawancin basussukan 'yan kasuwa, har da bashin bankin da aka jinginar masa da gidan, in dai an sanar da su yadda doka ta ce. In ka ga akwai banki a rahoton amma babu shaidar an aika masa wasiƙa, ka bar filin, rigima ce ke jiran ka a kotu.

Abin da ba ya gogewa shi ne bashin hukuma, na gari ko na gunduma. Mafi haɗari a ciki ita ce tarar karya dokar tsafta da gini. Mutum ya bar ciyawa ta yi tsawo ko ya tara shara, a ci shi tara, wadda kan iya kai dala 250 a kowace rana, ta yi ta taruwa shekaru. Fulotin dala 8,000 zai iya ɗauke da tarar da ta ninka kuɗinsa. Akwai kuma kuɗin jawo ruwan famfo da magudanar ƙazanta da ake ɗora wa kowane fuloti a wasu unguwanni. Rahoton fayil ba kullum yake kawo waɗannan duka ba. Don haka ɗauki waya ka kira ofishin kula da dokar gini da ofishin ruwa, ka ba su lambar fuloti, ka ce a gaya maka ko akwai abin da ake bi. Nemi su turo maka amsar a rubuce.

In hukumar harajin tarayya, IRS, tana bin mai filin bashi, tana da kwana 120 bayan sayarwa da za ta iya karɓe filin ta mayar maka da kuɗinka. Kada ka kashe ko sisi a kan irin wannan fili sai wa'adin ya wuce. Haƙƙin wucewar wayar lantarki ko bututu, da sharuɗɗan unguwa, su ma suna nan daram, kuma in unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, kuɗin wata-wata zai hau kanka daga ranar da ka mallaka.

In karatun takardun ya fi ƙarfinka a farko, biya kamfanin binciken takardun mallaka ya duba maka fili ɗaya ko biyu da ka fi so, ka zauna ka gwada rahotonsu da abin da kai ka gano. Haka na koya.

Mataki na 5: Taswira, sannan ƙafa

Duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Yankin da aka yi wa alamar X ya fi sauƙi, AE da VE kuwa yankunan haɗarin ambaliya ne, suna nufin tsadar gini da tsadar inshora. Wanda ya ga abin da guguwar Ian ta yi wa gundumar Lee a Satumbar 2022 ba zai raina wannan ba. Duba kuma taswirar dausayi ta gwamnatin tarayya, domin cike fadama a Fulorida sai da izini, iznin kuma ba arha ba. Kira ofishin tsara gari ka yi tambaya ɗaya: za a ba da izinin gina gida a wannan fuloti yadda yake?

Bayan duk wannan sai ka tafi da ƙafarka. Ba a cinikin biri a sama. Fili na biyu da na saya a rayuwata ban je ba, hoton tauraron ɗan'adam kawai na kalla, na ga bishiyoyi kore shar da titi a gaba. Ashe da rani aka ɗauki hoton. Na je a watan Agusta, tsakiyar daminar Fulorida, na taka daga bakin kwalta ruwa ya shanye mini idon sawu. Ƙasar baƙa ce mai wari, kuma a jikin kowace bishiya akwai zoben da ruwa ya bari, kusan gwiwata. Shekara biyu ina biya masa haraji kafin maƙwabcin wurin ya karɓa a ƙasa da rabin abin da na kashe. Da na yi tafiyar awa biyu kafin gwanjo, da zoben nan kaɗai ya ishe ni gargaɗi.

In ka isa, tsaya a bakin titi, domin filin ba naka ba ne tukuna. Duba ko titin kwalta ne ko turɓaya, ko akwai turakun lantarki kusa, ko maƙwabta ruwan famfo suke sha ko rijiyar burtsatse. Duba ko wani ya zarce da shingensa ciki, ko an mayar da wurin juji. Ka kuma lura da rami mai baki kamar rabin wata da tulin yashi a gabansa. Gidan wani kunkuru ne da dokar jihar ke karewa, ba a yin aiki a tazarar ƙafa 25 daga ramin sai an sami izini an biya ƙwararru sun kwashe shi. In ka ga maƙwabci a waje, yi masa sallama ku gaisa. Minti biyar da shi ya fi awa biyar a intanet, kuma sau da yawa shi ne zai saya daga hannunka daga baya.

Wanda ke nesa, ko a wata jiha ko a gida Najeriya ko Nijar, ya sami amintaccen mutum ya je ya kira shi ta bidiyo daga wurin. In babu irin wannan mutum, ka haƙura da harkar. Kada ka tura wa wanda ka sani a Facebook kawai kuɗi wai ya taya maka.

Mataki na 6: Yanke iyakar tayinka

Nemo farashin da aka sayar da fulotai makamantansa a unguwar cikin 'yan watannin nan. Wanda aka sayar nake nufi, ba wanda aka sa a kasuwa ba. Shafin ofishin ƙiyasi yana nuna wannan. Daga nan sai ka yi ta cirewa. Misali, a ce irinsa na tafiya dala 20,000. Cire abin da lauya ya ce zai karɓa, a ce 2,500. Cire la'adar dillali da kuɗin rufe ciniki, a ce 2,000. Cire harajin shekara da yankan ciyawa, 600. Cire tarar da ka gano, a ce 900. Saura 14,000. Cire ribar da kake so da ɗan abin ko-ta-kwana, 4,000. Iyakarka dala 10,000 ke nan. Rubuta ta da biro a takarda ka manna a jikin kwamfutar.

Mataki na 7: Kafin alƙalami da ranar gwanjo

Doka ta ce wanda ya ci gwanjo ya ajiye kashi 5 cikin 100 na tayinsa ko dala 200, duk wanda ya fi yawa. A gwanjon intanet tun kafin ranar ake sa kuɗin, kuma turawa ta banki takan ɗauki kwanaki, saboda haka kada ka bari sai jajibiri. Mai son taya 10,000 sai ya ajiye 500.

Da safe sake duba jerin. Za ka tarar an cire da yawa, masu su sun fanshe. Mai kadara yana da wannan dama har zuwa lokacin da ka kammala biya, saboda haka ka shirya filaye huɗu ko biyar, kada ka ƙwallafa rai a kan ɗaya. Manhajar tana ba ka damar sa iyakarka tun farko ta riƙa taya maka da kaɗan-kaɗan. Yi amfani da wannan, ka ɗauke hannunka. In aka wuce iyakarka, zuciya za ta ce ƙara ɗari biyu kawai. Kada ka ƙara. Wata mai zuwa akwai wani gwanjon.

Mataki na 8: Biya cikin awa 24

In an sallama maka, awa 24 gare ka ka cika kuɗin, ban da ranakun hutu, kuma kowace gunduma tana da ƙarfen da take rufe karɓa. Za a ƙara kuɗin rajista da harajin hatimi, wanda a yawancin jihar santi 70 ne a kan kowace dala 100, wato dala 70 a cinikin 10,000. In ka makara, kafin alƙalaminka ya tafi, kuma suna iya hana ka sake taya. Tun ana gobe ka tambayi bankinka iyakar abin da suke bari a tura a yini. Ka kuma tabbatar sunan da ka sa a rajista shi kake so ya fito a takardar mallaka, harafi da harafi.

Wanda ya rasa a gwanjo yana da wata ƙofa. Filin da babu wanda ya taya, mai takardar bashi ma bai ɗauka ba, ana sa shi a wani jeri na daban a ofishin magatakarda. Bayan kwana 90 kowa na iya saye ba tare da gasa ba. Sai dai ka ninka bincike, domin filin da kowa ya gani ya wuce yana da dalili.

Mataki na 9: Wanke takarda da sayarwa

Takardar da magatakarda zai ba ka ba ta ɗauke da garanti. Kamfanonin inshorar mallaka galibi ba sa yarda da ita kai tsaye, kuma in babu inshorar nan, mai sayen da zai ci bashin banki ba zai iya saye daga gare ka ba. Hanya uku ce. Ta farko, lauya ya shigar da ƙarar wanke takarda, a kira duk mai da'awa ya fito, in babu, alƙali ya tabbatar maka. Tana ɗaukar watanni, amma ita na fi natsuwa da ita a fili mai daraja. Ta biyu, ka jira shekara 4, lokacin da dokar jihar ke rufe wa tsohon mai fili ƙofar ƙara. Ta uku, ka sayar yadda yake ga mai kuɗi a hannu a farashi mai rahusa, ka gaya masa gaskiyar asalin takardar tun kafin ya tambaya.

Kafin ka sa a kasuwa, rubuta wa maƙwabtan dama da hagu wasiƙa. Ni nakan kuma yarda a biya ni kaɗan-kaɗan a farashi ɗaya tsayayye, babu ƙarin ruwa, lauya ya rubuta yarjejeniyar. Wanda ba mazaunin Amurka ba ya sani cewa ranar da zai sayar, doka ta sa a riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikin a miƙa wa IRS har sai ya shigar da takardun harajinsa.

Abu na ƙarshe, a makon da takardar ta fito ka shiga shafin ofishin ƙiyasi ka tabbatar adireshinka na yanzu ne a kan filin. Takardar haraji za ta zo a Nuwamba. In ka biya a watan za a rage maka kashi 4, a Disamba kashi 3, a Janairu 2, a Fabrairu 1. Ni ranar da ta iso nake biya, in sa rasit a fayil ɗin filin.